Amsar tambayar hoton titi da zane

Salamu alaikum. To ƙanena, na ji saƙonka, wai me ya haɗa mai ɗaukar hoton titi da mai zane. Ni dai na san inda ka dosa. So kake ka ce mu dannawa kawai muke yi, masu burushi su ne 'yan wahala. To saurara.

Cartier-Bresson ɗin nan, mai ɗaukar hoto na Faransa, da kullum ake kafa mana hujja da shi, ai ɗalibin zane ne tun kafin ya riƙe kyamarar Leica. Gaban mai zane André Lhote ya zauna a Paris, 1927. Littafin hotunansa na 1952 ma shahararren mai zane Matisse ne ya yi masa bango. Da girma ya zo, Cartier-Bresson ya ajiye kyamara ya koma fensir. 

Ni mutumina Saul Leiter ne, mai ɗaukar hoto na Amurka. Ɗan babban malamin Yahudawa, uban na son ya gaje shi, shi kuwa ya bar Pittsburgh ya tafi New York a 1946 don ya zama mai zane. Je ka duba hotunansa na shekarun 1950. Gilashi ya yi gumi, dusar ƙanƙara na zuba, ga jar lema can a gefe. Akwai wanda rumfar shago ta cinye rabinsa, kai, ya fi rabi, baƙi ƙirin, mutane can ƙasa 'yan mitsi-mitsi. Fuska ba ta dame shi ba, inda ja zai zauna shi ne damuwarsa. Wannan ba idon mai zane ba ne? Har fim ɗin kyamara da wa'adinsa ya wuce yake saye don araha, kalar ta fito a dishe, kuma hakan ya yi masa. A lokacin, manyan harkar hoto kallon kayan talla suke wa hoto mai kala, sai 2006 aka buga littafinsa na masu kalar.

Shi ya sa abin nan yake cina har yau. Daminar bara na ɗauki wata mai gasa masara ta cikin ledar adaidaita, ruwa na tsiyaya, ba ka ganin komai sai jan garwashi da koren hijabi. Sau uku na sa direba ya zagayo, na ƙara masa kuɗi. Na kai a wanke min, yaron shagon ya leƙa kwamfuta ya ce, "Maigida, wannan bai fita ba, in goge?" Wai in goge! Bari in lalubo shi in turo, ku gani da idonku, in data ta bari.