Hukuncin cokalin soyayya na Wales da bikin ranar Dwynwen

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina karatu a Cardiff, babban birnin yankin Wales na Birtaniya. Na ga mutanen Wales suna ba masoyansu cokalin itace mai sassaƙa, suna kuma bikin masoya ran 25 ga Janairu. Ya halatta in saya wa maiɗakina cokalin, in ba ta a ranar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, cokalin daban, ranar daban.

Cokalin al'ada ce ta neman aure. Saurayi kan sassaƙa shi daga guntun itace ɗaya don nuna gwanintar hannunsa, kuma mafi tsufa na Wales mai ɗauke da shekara, na 1667, yana gidan tarihi na St Fagans kusa da inda kake. Asalin al'adu halacci ne, kuma Annabi (SAW) ya ce a riƙa yi wa juna kyauta don a so juna. Sai dai ka duba mariƙinsa da kyau kafin ka biya kuɗi, don a nan matsalar take. Zuciya, sarƙa, makulli, ƙafar keke, da 'yan ƙwallayen cikin keji masu nuna yawan 'ya'yan da ake fata, duk ado ne, ba laifi. Gicciye kuwa a'a, domin Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi, Bukhari ya fitar. Takalmin doki alamar sa'a ce a wurinsu; wanda ya rataye shi da wannan ƙudurin ya rataya laya, don haka ka bar shi. Tsuntsu ko dodon nan na tutarsu, in an sassaƙa shi cikakke mai inuwa, wato mai jiki kamar mutum-mutumi, haramun ne a wurin Malikiyya. Mafi sauƙi, ka ba masassaƙi aikin, ka zaɓi alamomin da kanka.

Ranar kuwa tushenta addini ne. Dwynwen waliyyiyar Kirista ce ta ƙarni na 5, wadda suke ɗauka majiɓinciyar masoya. Kufan cocinta na tsibirin Llanddwyn a Anglesey, arewacin Wales, inda a da ake duba makomar soyayya daga motsin kifin rijiyarta, wanda duba ne tsagwaronsa. Gaskiya yawancin masu bikin a yau kati da fure kawai suka sani, amma sunan da ranar nata ne. Da Annabi ya tarar da mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa, cewa ya yi Allah Ya musanya musu da Idin Fiɗir da na Layya. Saboda haka kar ka keɓe 25 ga Janairu. Ka ba ta a kowace rana daban, ko ranar da ka dawo gida hutu.

In maƙwabci ya kawo maka kyauta a ranar, ka karɓa ka yi godiya, muddin abin halal ne. Wallahu a'alam.