Tambayoyinku: Maganin gargajiyar Koriya zai yaye min ciwon damuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ban shawara. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu a Koriya ta Kudu, karatu ya min yawa ga kewar gida, bacci ya ƙaurace min, ƙirjina kullum kamar an ɗora dutse, abinci ma turawa kawai nake. Likita ya ce ciwon damuwa ne ya ɗora ni kan sertraline, yau sati biyu ban ga canji ba. Sai ƙawata 'yar ƙasar ta ce in je asibitinsu na gargajiya a haɗa min magani, wai shi mamanta ta sha ta samu sauƙi. Da gaske yana aiki? In ajiye na asibiti in koma shi?
Daga wata ɗaliba a Seoul

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Bari in fara da ƙarshen tambayarki don shi ya fi tsaya min a rai, kar ki ajiye maganin nan dan Allah. Sertraline da ire-irensa ba sa nuna aikinsu da wuri, yawanci sai an yi sati huɗu zuwa shida kafin mutum ya ji bambanci sosai, to kin ga sati biyu ai ba ki ma ba shi dama ba tukuna, kuma in aka yanke shi farat ɗaya yana iya kawo jiri da tashin zuciya da ƙarin rashin bacci. In har ba ki gamsu ba ki koma wajen likitan da ya rubuta miki, shi zai ƙara ko ya canza.

Toh amma ƙawarki ba shirme ta faɗa miki ba fa. A Koriya maganin gargajiya, wanda suke kira hanbang, yana da lasisi da doka. Likitansa, hanuisa, shekara shida yake yi a jami'a sannan ya zauna jarrabawar ƙasa kafin a bar shi ya taɓa mara lafiya. Jami'ar Kyung Hee da ke nan Seoul ɗin tana da babban asibitin wannan fanni, gwamnati kuma ta kafa cibiyar bincike a kansa tun 1994, yanzu tana birnin Daejeon. Babban littafinsu Dongui Bogam, likitan fada Heo Jun ne ya kammala shi a 1610 aka buga a 1613, UNESCO ta sa shi cikin kundin tarihin duniya a 2009.

Kuma wallahi sun daɗe da sanin irin abin da kike ji. Akwai ciwon da suke kira hwabyeong, na wanda ya daɗe yana haɗiye ɓacin rai bai furta ba har abin ya fito masa a jiki, zafi na taso masa zuwa fuska, ƙirji ya cushe, faɗuwar gaba, yawan ajiyar zuciya, wani abu ya tokare maƙogwaro ya ƙi wucewa. An fi ganinsa a mata masu matsakaicin shekaru da suka sha haƙurin zaman aure da dangin miji, har littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya ambace shi a bugun 1994. Abin da yake burge ni da su shi ne ba sa raba zuciya da gangar jiki, in kin ce ƙirjinki ya yi nauyi ba za a ce miki gwaji bai nuna komai ba ki tafi gida, za a zauna a tambaye ki baccinki da cin abincinki da al'adarki, a taɓa bugun jijiyar hannunki a duba harshenki. Mai damuwa sau da yawa wannan sauraron ma kaɗai yana rage masa wani abu.

Haɗe-haɗen da suka fi bayarwa a irin wannan hali akwai Soyo-san, mai ɗauke da saiwar siho da danggwi da citta da na'ana'a da wata saiwa mai zaƙi gamcho, ana ba mai ƙunci da saurin fushi, asalinsa daga Sin ya zo tun zamanin daular Song. Akwai Gwibi-tang na mai yawan tunani da mantuwa da rashin bacci, sai Banha-hubak-tang na wannan tokarewar maƙogwaron. Ba kowa ake ba iri ɗaya ba, mutum biyu masu ciwo ɗaya kowa da nasa haɗin gwargwadon yanayin jikinsa, shi ya sa abin da ya yi wa maman ƙawarki ba lallai ya yi miki ba. Sukan haɗa da soka siraran allurai a wasu gurare na jiki, wannan inshorar lafiya ta ƙasa tana biya tun 1987, amma dafaffen maganin da ake zubawa a 'yan ledoji yawanci daga aljihunki ne kuma ba arha, ki tambayi kuɗin tun kafin a ɗora tukunya.

Batun ko yana aiki, tsakani da Allah ga yadda abin yake. An yi gwaje-gwaje a kan Soyo-san musamman, wasu sun nuna sauƙi a damuwa mara tsanani, ko in an haɗa shi da maganin asibiti, sai dai da yawansu mutane kaɗan aka gwada, na ɗan lokaci, tsarin ma bai da ƙarfi, wasu kuma a kan ɓeraye aka yi da aka takura musu da gangan. Wannan bai kai hujjar da za a ce mutum ya bar maganin da aka tabbatar ya rungumi wannan shi kaɗai ba. A ganina matsayinsa mataimaki ne.

In kin yanke shawarar zuwa, ki je da kwalin maganinki ki nuna wa hanuisa, shi ma likitan asibitin ki gaya masa, kar ki ɓoye wa ɗaya don kunya, saboda ganye ma yana da illa. Gamcho in aka daɗe ana sha yana hawar da jini ya rage sinadarin fotashiyam, jinsen da suke kira insam yana iya ƙara hana wasu bacci kuma shi da danggwi ba sa shiri da maganin tsinka jini irin wafarin, banha kuma, saiwar da ke cikin Banha-hubak-tang, ɗanyensa guba ne sai an sarrafa shi. In kin ga idonki ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu ki tsaya ki je a duba hantarki. Kar ki shiga kasuwar magani ta unguwar Jegi-dong da ke Seoul ki haɗa da kanki, na intanet kuwa ba a ma magana. Ki kuma tambayi abin da ke ciki, wasu haɗin ana sa ƙahon barewa ko dafaffiyar fatar jaki, wasu saiwoyin da giyar shinkafa ake turara su, kina da damar cewa a cire miki.

Sannan ƙanwata, tushen abin shi ne matsin da kike ciki, shi kuma ba a dafa masa magani. Ki nemi ofishin ba da shawara na jami'arku, ki yi wa malamin da ke duba aikinki magana a kan yawan aikin, ki riƙa kiran gida ko ba ki da abin faɗa. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki ko sau ɗaya ne, kar ki jira wani magani ya fara aiki, a Koriya lambar 109 ita ce ta masu irin wannan hali dare da rana, 119 kuma ta gaggawa, ki kira ko ki sa ƙawar nan taki ta raka ki asibiti a ranar. Ki sake rubuto min bayan kin ga likitan ki gaya min abin da ya ce.