Numfashin maigida na ɗaukewa cikin barci, ni kuma an ce na raina shi

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Na daɗe ina son rubuto miki, kunya ke hana ni, don maganar ta cikin ɗaki ce. Ki sakaya sunana don Allah.

Shekararmu goma sha huɗu da aure, yaranmu huɗu. Maigida direba ne, yana ɗaukar fasinja daga Zariya zuwa Abuja, shekarunsa 47. Tun ina amarya yake munshari, amma irin na kowa ne, in na ɗan taɓa shi sai ya juya ya daina. Shekara uku ke nan da ya yi jiki, tumbi ya fito, har sai da tela ya buɗe masa wuyan kaftanansa. Daga nan munsharin ya koma wani abu dabam. Ƙarar ma ba ita ta fi damuna ba. Yana cikin ja sai ki ji ɗif, shiru. Ƙirjinsa na motsi kamar mai kokawa, amma babu iskar da ke shiga. Ran nan na haska waya na ƙirga, sai da ya wuce daƙiƙa talatin, sannan ya zabura da gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya ci gaba da barcinsa. Haka ake yi har asuba. Da safe in na faɗa masa sai ya ce bai san an yi ba, sharri nake masa.

Yana tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare. Ya wayi gari da ciwon kai, baki a bushe. Ana hira yana gyangyaɗi, ɗana ya ce ko huɗubar Juma'a ba ya kaiwa ƙarshe ido biyu. Yana da hawan jini, magani iri uku yake sha, bai sauka ba. Mutum mai wasa da yara, yanzu abu kaɗan sai tsawa. Harkar shimfiɗa ma ta yi sanyi, kin gane. Da rana goro da shayi mai kauri, da dare kuma ya fara sayo maganin barci a kemis, wai barcin ne ba ya isarsa. Watan jiya ya dawo da gefen motar a goge, ya ce mai tirela ne ya matse shi. Daga baya yaron motarsa ya tsegunta wa ɗana cewa barci ne ya fizge shi a wajen Katari, ihun fasinja ya farkar da shi.

Ni kaina na zama kamar mai gadi, ba na runtsawa. Da na gaji na koma ɗakin yara kwana biyu, sai ya yi fushi, ya kai ƙarata wurin Hajiya. Ita ta ce dannau ne, ta aiko da rubutu da turare, ta ƙara da cewa matar kirki ba ta gudun ɗakin miji. Kawunsa kuma ya ce beli ne ya sauko, a kira wanzami ya cire. Anti, ciwo ne wannan ko ni ce mai tsegumi? Ta ina zan ɓullo masa?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba tsegumi kike yi ba. Ni ba likitarsa ba ce, gwaji ne kaɗai zai yanke hukunci, amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Likitoci na ce masa afniya, kalmar Girkanci ce mai nufin rashin numfashi.

Ga yadda abin yake. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da gindin harshe sukan saki. Ga yawancinmu hanyar iska tana nan a buɗe duk da haka. Ga wanda hanyarsa ta ƙuntata, saboda kitse a wuya, ko manyan ƙulallan maƙogwaro, ko gajeren haɓa, naman kan faɗo ya rufe ta. In rufewar rabi ce, iska na kutsawa tana kaɗa naman, shi ne munshari. In ta rufe ruf, shi ne wannan ɗif ɗin da kike ji, ƙirji na ja amma ƙofa a kulle. Iskar da ke cikin jini sai ta fara raguwa, ƙwaƙwalwa ta firgita, ta ɗan farkar da shi na 'yan daƙiƙu don ya buɗe maƙogwaro, ya koma. Farkawar gajeriya ce ƙwarai, shi ya sa ba ya tunawa. To kin ga in ya ce bai san an yi ba, gaskiyarsa ce. Ke ce shaida, shi ba ya nan lokacin da abin ke faruwa.

Likitoci na ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10, tare da lokutan da numfashin ya ragu sosai, sannan su duba sau nawa a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ki yi lissafi: mai 30 a awa, in ya kwanta awa bakwai, an tashe shi fiye da sau ɗari biyu. Wa za a yi wa haka ya wayi gari yana wasa da yara?

Sauran abubuwan da kika lissafa duk suna da mazauni a nan. Kokawar da ƙirji ke yi da rufaffen maƙogwaro tana matsa wa zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta ƙara fitsari, ga tashin dare nan. Kowace zabura tana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, in aka shekara ana haka sai jinin ya ƙi sauka har da rana. A jihar Wiskonsin ta Amurka, masu bincike sun fara bin ma'aikatan gwamnati tun 1988, suna kwantar da su a ɗakin gwaji suna auna barcinsu. A 1993 suka fitar da cewa maza 24 cikin ɗari da mata 9 cikin ɗari, 'yan shekara 30 zuwa 60, numfashinsu na tsayawa ko raguwa aƙalla sau biyar a awa. A 2000 suka ƙara da cewa masu 15 zuwa sama sun kusa ninka sauran sau uku wajen samun hawan jini bayan shekara huɗu. Shi ya sa in likita ya ga mutum na shan magani iri uku jini bai sauka ba, ɗaya daga cikin abubuwan da ya kamata ya tambaya shi ne yadda yake barci. An kuma danganta ciwon da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga, da raunin mazakuta. Kuma kar ya ɗauka shi kaɗai ne: wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya kai masu shi a duniya miliyan 936 tsakanin 'yan shekara 30 zuwa 69, akasarinsu ba su ma sani ba.

Amma duk wannan zai iya jiran layin asibiti. Abin da ba zai jira ba shi ne sitiyari. Da aka tattara binciken da aka yi kan direbobi, an ga masu wannan ciwo da ba a yi musu magani ba sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen yin haɗari. Naku ma ya wuce lissafi, an riga an goge mota a Katari. Goro da shayi suna buɗe ido ne na ɗan lokaci, ba sa biyan bashin barci, kuma barcin da ke fizgar direba ba ya sallama. Daƙiƙa uku a gudun kilomita 100 a awa, mota ta ci mita 80 da wani abu ba mai riƙe da ita. Na san da motar ake ci a gidan, ba na raina wannan. Amma har ya ga likita, ya nemi direban da za su riƙa karɓa-karɓa, ko ya ba da motar a yi masa balas, ya bar tuƙin dare da na bayan azahar. Rayukan mutane goma sha wani abu amana ce a hannunsa, kuma ina ganin da wannan harshen za ki fi samun kansa.

Maganin barcin nan na kemis ya tsaya daga yau. Irinsu Valium suna ƙara sakin naman maƙogwaro, su kuma danne farkawar da ke ceto shi, tsayawar ta ƙara tsawo. Haka tiramadol da kodin da suka yi yawa a tashoshin mota, suna danne numfashi. In ya daɗe yana sha kullum, ya gaya wa likita a rage masa a hankali. Na hawan jini kuwa kar ya kuskura ya bari.

Hajiya kuma a bi ta da ladabi. Dannau abu ne dabam: mutum ya farka, yana ji yana gani, ya kasa motsi na ɗan lokaci, da safe ya ba da labari da bakinsa. Naku bai san komai ba. A ci gaba da addu'a, ba ta hana zuwa asibiti. Wanda zan ce a'a kai tsaye shi ne wanzami. Toshewar ba a beli kaɗai take ba, har da gindin harshe da bangon maƙogwaro, don haka yanke shi ba zai buɗe hanya ba, ga zubar jini ga ƙwayoyin cuta, a jikin mai hawan jini.

Ku je babban asibiti, sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ko wurin likitan ƙirji, kuma ki bi shi, don labarin a bakinki yake. Akwai tambayoyi takwas da likitoci a Toronto ta Kanada suka tsara a 2008 don tantancewa: munshari mai ƙarfi, gajiya da rana, wani ya ga numfashi na tsayawa, hawan jini, ƙiba mai yawa, wuce shekara 50, kaurin wuya fiye da santimita 40, da kasancewa namiji. Daga wasiƙarki kaɗai na ƙirga biyar, ban ma auna wuyan ba, kuma biyar ta isa a sa mutum cikin masu babban haɗari. Ki ari tef ɗin tela ki auna. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a kwana da wayoyi a jiki suna auna numfashi, iskar jini, zuciya da ƙwaƙwalwa. Ɗakunan wannan gwaji ba su da yawa a ƙasar nan, amma akwai ƙananan na'urori da ake kwana da su a gida, ku tambaya. A duba masa suga ma, don shi ma yana tada mutum fitsari.

Babban maganin na'ura ce da ake kira CPAP, wadda wani likita, Colin Sullivan, ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya a 1981. Ƙaramin akwati ne mai tiyo da abin rufe hanci, yana hura iska a hankali ta tokare maƙogwaro kar ya rufe. Wasu tun daren farko munsharin ke ɗaukewa. Ba zan yi miki zaƙin baki ba: tana da tsada, tana son wuta duk dare, don haka a lissafa da batir ko sola, kuma sai an yi haƙurin sabawa. A wani babban gwaji da aka buga a 2016, kan mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, na'urar ta rage gyangyaɗi ta gyara yanayin rai, amma ba ta rage yawan kamuwa da ciwon zuciya na farat ɗaya da shanyewar jiki ba. Sai dai mutanen awa uku da 'yan mintuna kawai suke sawa a dare. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, a saya a rataye ba magani ba ne, kuma ba ta maye gurbin maganin hawan jini.

In gwaji ya nuna bai yi tsanani ba, likitan haƙori kan yi abin sawa a baki mai turo muƙamuƙi gaba. In ƙulallan maƙogwaro ne suka yi girma, likita na iya cirewa. Naki ɓangaren yana madafa. Binciken Wiskonsin ɗin nan ya nuna ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nauyi na ƙara tsayawar numfashi da kusan kashi 32, raguwar kashi 10 kuma na rage ta da kusan 26. Mai kilo 100, kilo goma ke nan. A rage malmalar tuwon dare, a ci da wuri, lemon kwalba da shayi mai madara da sukari cokali huɗu su ja baya. Ya riƙa kwanciya ta gefe, rigingine ce ke sa harshe ya faɗa baya. Tsohuwar dabara ita ce a ɗinka aljihu a bayan singileti a sa ƙaramar ƙwallo.

Saura yadda za ki faɗa masa. Namiji na jin "kana munshari" kamar gori ne, musamman bayan an bar masa ɗaki. Ki nemi izininsa ki ɗauki minti biyu a waya, yadda za a ji shirun da zaburar. Ki nuna masa ku biyu, bayan ya ci ya huta, ba gaban yara ba, kuma kar ya je wayar kowa, ko ta 'yar uwarki. Ki ce masa tsoro ne ya fitar da ke daga ɗakin, kin kasa kallonsa yana shaƙewa. Maganar Katari kar ki ambaci yaron mota, kar ki jawo masa kora. In ya turje, ki nemi amininsa ko yayansa da yake jin nauyi. Ke ma ki riƙa samun ƙailula, jikinki na bin ki bashi.

In kun yi gwajin ki rubuto min, ki faɗa min sau nawa aka ƙirga a awa.

Antinku