Ram mai 3200 a laftof mai 2400

Wai an kawo laftof da ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai gudun 2400 a ciki, mai ita yana son ƙari, mu kuma mai 3200 kaɗai ke hannunmu, shi ne kake tambaya ko zai ƙona ta? Kai yaro, ba abin da zai ƙone. In dai duka biyun iri ɗaya ne, wato DDR4, saka abinka. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ce ke yanke gudun da za a yi, ba sitikar jikin ram ba. In iyakarta 2400, mai 3200 zai sauko ya bi ta. In ka haɗa mai sauri da mara sauri, duka su koma gudun mara saurin. Yadda ake kwance bayan na'ura kuwa ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai san a cire batir kafin ya taɓa ciki ba ya nemi wata sana'ar.

Wannan lambar ta 3200 ita ce ta taɓa jawo mini asarar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani mutum ya zo da laftof mai i5-8250U, ya ce lallai ram na 8GB mai 3200 yake so, wai ya karanta cewa shi ne mai gudu. Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan furosesar ba ta wuce 2400 a DDR4, ko me ka saka mata nan za ta tsaya. Ya ce shi dai a ba shi abin da ya nema. Na ɗauko sabo dal a kwalinsa, na saka a gabansa, na'ura ta tashi, ya biya ya tafi.

Bayan kwana biyu sai ga shi yana ɗaga murya tun daga bakin ƙofa, shago cike da mutane. Wai ya buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna gudun ram, ya ga 2400, saboda haka jabu na sayar masa. Na tuna masa maganar da muka yi, ya rantse bai taɓa jin ta ba. Ya riga ya ciro ram ɗin da kansa, ya dangwarar a kan tebur, ya ce a ba shi kuɗinsa. Ni da na yi shekaru ina gina sunana, ba zan tsaya cacar baki da shi a gaban kwastomomi ba. Na ga sitikar shagona a jiki, na ƙirga masa kuɗinsa cif. Sai da yamma na saka shi a na'urar gwaji, allo ya ƙi kawo haske. Da na duba da kyau sai na ga gefen sitikar ya ɗan tashi. Ashe ɓare ta ya yi ya manna a kan wani mataccen ram, nawa mai kyau yana can cikin laftof ɗinsa yana aiki. Allah Ya isa, abin da na ce ke nan, kuma ban janye ba.

Shi ya sa kake ganin ina buɗe manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, a gaban kowane kwastoma, in shiga shafin SPD, in nuna masa abin da ram ɗin da kansa ya faɗa game da girmansa da gudunsa, in rubuta siriyal lamba a rasit. Ku yaran yanzu kuna ɗauka ɓata lokaci ne, hankalinku na kan waya, kuna son ku gama aiki cikin minti biyar.

Inda ya kamata ka ji tsoro ba gudu ba ne, iri ne da wuta. DDR3 na laftof fil 204 gare shi, DDR4 260, DDR5 262, tsagar kowanne a wuri daban take, in ka ga ya ƙi shiga kada ka danna. Mai yaudarar shi ne DDR3 da DDR3L, don ramin ɗaya ne. Na farko 1.5V yake sha, na biyu 1.35V, kuma laftof masu Intel ƙarni na 4 mai L ɗin suke so. Ka saka musu mai rubutun PC3 (DDR3) a maimakon PC3L (DDR3L), sau da yawa allo baƙi za ka gani. Akwai kuma ram na masu wasan gem da ba ya kai 3200 sai an kunna XMP, wani saitin ƙara wa ram gudu, yawancin laftof kuwa ba su da wannan a BIOS, wato shafin saitin na'ura, sai ya faɗo ƙasa ko da furosesar za ta iya ɗauka.

Wannan laftof ɗin da ke gabanka ma, ka leƙa tukuna ka ga ko tana da rami na biyu, don wasu an narka musu ram ɗin a jikin bod. In akwai, nemo wanda girmansa ya yi daidai da na ciki, su yi aiki bibbiyu, kuma ka kira mai ita ka gaya masa 2400 zai gani kafin ka karɓi ko sisinsa.