Me ya sa manhajojin haɗa kiɗa suke cike da maɓallai?

Tambaya: Malam, na saka FL Studio a kwamfutata don in koyi haɗa kiɗa, amma ina buɗewa kaina ya ɗaure, maɓallai ko'ina. Me ya hana a sauƙaƙa ta kamar WhatsApp? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, situdiyo guda aka cusa maka cikin allo ɗaya: na'urar ɗaukar murya, teburin daidaita sauti, ganguna da fiyano. Idan aka rage maɓallan, ƙwararru za su gudu. Idan aka baje su duka, sabon shiga ya tsorata. Dabarar masu tsarawa ita ce su nuna kaɗan, su ajiye sauran har sai ka nema.

Kamfanin Image-Line na Beljiyam, mai wannan manhaja da a da ake kira FruityLoops kafin a sauya mata suna a 2003, ya fara ka ne da jerin 'yan akwatuna 16 a gaban kowace ganga. Ka danna na 1, na 5, na 9 da na 13 a layin babbar ganga, ka kunna, nan take za ka ji bugu ya daidaita. Tsarin irin na injin ganga TR-808 na kamfanin Roland na 1980 ne, kuma a ganina nan suka fi yin basira, domin kunne ne ke koya maka, ba littafi ba. Sauran tagogin rufe su ka bar su: F7 na buɗe allon fiyano, F9 teburin sauti, F5 inda ake jera waƙa.

Manhajar Ableton Live, da ta fito daga Balin ta Jamus a 2001, ta raba aikin gida biyu, wajen gwaji da wajen jerawa, maɓallin Tab ke kai ka ya dawo da kai. Manhajar Reason kuwa har wayoyin bayan na'urori ta zana, abin da ke burge tsofaffin injiniyoyi amma yake rikita wanda bai taɓa shiga situdiyo ba.

Tambaya: A waya fa? Yatsana yakan taɓa abin da ban nufa ba.

Amsa: Ba laifin yatsanka ba ne. Ka kwantar da wayar a gicciye, ka buɗa wurin da yatsu biyu kafin ka taɓa. Ɗauki murya a manhajar BandLab, gyaran ƙarshe ka bar wa kwamfuta.