Amsa: Jirgin ƙasan Kano zuwa Legas

Malam, ka tambaya ko daga Legas aka shimfiɗo layin dogon nan kai tsaye zuwa Kano. A'a, layuka biyu ne aka haɗe. Na kudu ya taso daga Legas, ya isa Ibadan a 1901. Na arewa kuwa daga Baro ya faro, bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. An haɗa su a Minna, amma kafin a gama gadar Jebba a kan kogin Kwara a 1916, sai an tsallakar da taragai a jirgin ruwa.

Turawa auduga suka hango, manoman Kano kuwa suka rungumi gyaɗa, har buhuna suka zama dala a gefen layi suna jiran tarago. A nan su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa.

Batun fasinja, tafiyar ta kai kilomita 1,100, ta Zariya, Kaduna, Minna, Ilori har tashar Iddo da ke Legas. Da aka farfaɗo da ita a ƙarshen 2012, sai mutum ya kwana ya wuni a hanya. Kada ka rikita wannan tsohon layi da sabon layin Legas zuwa Ibadan na 2021, faɗin dogonsu ma ba ɗaya ba ne.