Don Me Ɗan Kasuwa Ya Fi Mu Samu?

Ajiye basillar nan, ɗana, matso kusa. Jiya da Alhajin da ke ɗibar kayanmu ya tafi da takalma dozin biyar, na ji tambayarka: mu muka yanka fata, mu muka rina, mu muka ɗinka, to don me shi da bai taɓa riƙe basilla ba zai fi mu samu? Ni ma na yi wa nawa maigidan wannan tambaya ina kamar shekarunka, kuma ban ga laifinka ba.

Ka san me baduku yake yi a garin da ba hanya? Faci. Ya ɗinka wa maƙwabci laya, ya gyara wa wani kube, shi ke nan sai wata shekara. Mutum ɗaya takalmi nawa zai sa? Dukancin da ya isa ya riƙe unguwa guda, fatake ne suka tayar da shi.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Malamai ne, kuma 'yan kasuwa ne da suka san hanyar zinariya da goro tun kaka da kakanni. A zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Borno har Gwanja, ƙasar da ke arewacin Gana ta yau, inda ake ɗauko goro. Da Yakubu ya hau bayansa, Abzinawa suka riƙa kawo gishiri, Barebari da Larabawa suka yi ta shigowa. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Ka lura da jerin: hanya ce ta fara zuwa, kasuwa ta biyo ta.

Yanzu ka rufe ido ka kalli ayari yana shirin tashi. Madugu na gaba yana ƙidaya jakuna. Me aka ɗora musu? Taiki na fata cike da hatsi. Me ke rataye a gefen raƙumi yana ɗigar ruwa? Salka. Sirdi, linzami, kuben takobi, burgamen guzuri, gafakar da malamin ayari ya sa littafinsa, duk aikin hannun irinmu ne. Kafin bafatake ya sayi hajar da zai kai nesa, sai ya fara sayen abin da zai zuba ta ciki. Daga nan kuma kayanmu kansu suka zama haja. Wani matafiyi da ya tashi a birnin Fas na ƙasar Maroko, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a wajen 1526 cewa takalman da ake ɗinkawa a Gobir har Tumbutu da Gao ake kai su. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji daɗi har cikin raina. Wani baduku yana zaune a zaure kamar namu, hannunsa ja wur da karan dafi, ɗinkinsa kuwa yana ƙafar mutumin da ba za su taɓa haɗuwa ba.

To me bafatake ya sa a ciki da har ya cancanci ribarsa? Dukiyarsa da ransa. Ya biya ka yau, shi kuwa sai bayan watanni zai ga nasa, in ma ya gani. Kowane gari ya ratsa sai ya ba da fito ko gaisuwar sarki. Jaki ya mutu, rafi ya cika, 'yan fashi su tare daji, kai kana gida ka riga ka ci naka. Kuɗin wuri ma bai bazu a ƙasar Hausa ba sai zamanin Sarki Sharefa, bayan 1700, don haka cinikin da yawa musaya ce: gishiri da tufa, tufa da goro. Dole a sami wanda ya san darajar kowanne. Nan dillali ya samo la'adarsa. Nan kuma fatoma ya fito, mai masaukin da zai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Irin waɗannan gidaje ne suka zama gidajen attajirai, har sarki yana jin maganarsu. In ka bi ta unguwannin Kano irin su Zangon Barebari ko Tudun Nufawa ko Alfindiki, sunayen kaɗai sun gaya maka baƙin da suka sauka suka zauna.

Ban ce kowane ɗan kasuwa adali ba ne. Akwai mai zuwa daf da salla, ya ga kana cikin matsi, ya taya kayanka tayin wulaƙanci. Irin wannan ka ce masa albarka, ko da za ka kwana da yunwa. Amma wanda ya dawo shekara bayan shekara, ɗinkinka yake sayarwa da sunansa a garin da ba ka nan balle ka kare kanka. In ɗinki ya warware a Agadas, shi za a kama.

Shi ya sa nake matsa maka a kan bakin ɗinki. Miƙo mini takalmin da ka gama da safe. Ka ga nan wajen dunduniya, inda ka tsallake huji biyu? Warware shi, ka ja zaren da kyau, ka sake daga farko. Alhaji zai dawo ranar Laraba.